Yadda Ake Tace Ruwan Allurar Rigakafin Mura

Mura iri biyu ce. Akwai ta sanyi, mai wucewa cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita ce ta shigo Nijeriya a 1918, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Kano, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa. Ƙwayar cutar ƙarama ce ƙwarai. Sai an jera kamar guda 10,000 kafin su kai tsawon milimita ɗaya.

Da ita wannan ƙwaya ake haɗa rigakafin. Tun wajen 1945 a cikin ƙwan kaza ake rainonta. To amma kaji ma suna da tasu murar. A 2006 murar tsuntsaye ta afka wa gonakin kaji a Kaduna da Kano, aka yi asara mai yawa. Idan annoba ta cinye kaji, ina za a sami ƙwai? Wannan na cikin dalilan da suka sa masana suka nemo wata hanya. Yanzu ana rainon ƙwayar a cikin ƙwayoyin halittar dabba da ake kiwo a manyan tankunan ƙarfe. Amurka ta amince da irin wannan allura a 2012.

Ruwan da ke fitowa daga tankin gurɓatacce ne, ba ya shiga jikin mutum. Duk macen da ta taɓa tace gasarar koko za ta gane aikin da ke biye. Ita ma raba tsaki da gasara take yi.

Da farko ana juya ruwan a cikin inji da gudu, tarkace masu nauyi su kwanta a ƙasa. Sai a bi da shi ta matata mai ƙananan ƙofofi. Daga nan a zuba wani sinadari da ke daddatsa ragowar halittar dabbar, don ta yi sauƙin wankewa. Sannan a tura ruwan ta cikin wani bututu cike da ƙananan duwatsu na musamman. Ƙwayar cutar ta manne musu, datti ya wuce. Ana kuma kashe ƙwayar, a farfasa ta, a ɗebi ɓangaren da jiki ke buƙata don ya gane cutar. Saboda haka allurar ba ta iya sa wa mutum mura.

Aikin yana da wuya. Idan aka tsananta tacewa, maganin ya bi datti ya tafi. Idan aka sassauta, datti ya saura. Shi ya sa ake gwada kowane rukuni kafin ya bar masana'anta. A Nijeriya, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke duba alluran da ake shigowa da su.

Mutanen birnin Kano, daga Ƙofar Ɗan Agundi har Fagge, sun san tambayar nan: me ke cikin kwalbar? Tambaya ce mai kyau, amma ta taɓa jawo tsada. A 2003 an dakatar da rigakafin shan-inna a jihar saboda zargin an gurɓata shi. Cutar ta bazu, yara suka shanye, har ta tsallaka wasu ƙasashe. An yi gwaje-gwaje, aka kawo magani daga Indonesiya, aka ci gaba a watan Yulin 2004. Sai a 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar shan-inna ta bar Afirka.