Ko Ka Sani? Jijjigar da Ta Fi Wahalar da Mai Zaune

Duk wanda ya taɓa hawa a-daidaita-sahu ko akori-kura a hanyar burji, daga gona zuwa kasuwar Minjibir, ya san gargada. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, ƙarfin jijjiga kaɗai ba ya bayyana wahalar da take ba jiki. Saurin bugunta ma yana da nasa rabo.

Jikin mutum a zaune ya fi jin jijjigar sama da ƙasa idan tana bugawa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa ɗaya. A nan ne kayan ciki da kafaɗu da ƙashin baya suke amsa bugun, su riƙa motsi fiye da kujerar kanta. Ta gefe da gefe kuwa ta fi damuwa a sau 1 zuwa 2. Lilo mai nawa sosai, ƙasa da rabin bugu a daƙiƙa, shi ke kawo jiri da amai. Farfesa Michael Griffin na Jami'ar Southampton a Ingila ya yi shekaru yana zaunar da mutane a kujeru masu girgiza yana tambayarsu yadda suka ji, ya fitar da babban littafi a kai a 1990. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 2631 ma da irin waɗannan awo take auna lahanin jijjiga.

Mu yi lissafi. A ce tsakanin tudun gargada da na gaba mita ɗaya ne. Direban da ke tafiyar kilomita 18 a awa yana cin mita 5 a daƙiƙa, wato bugu biyar, daidai inda jiki ya fi kuka. In ya taka zuwa kilomita 60, bugun ya haura 16, sai fasinja ya ji hanyar ta ɗan lafa. Shi ya sa wasu direbobi ke cewa gargada gudu take so. Gaskiyarsu ce ta fuskar ƙugu, amma tayoyi ba sa kama ƙasa sosai a wannan gudun, birki ma ba ya ci yadda ya kamata.

Direban tarakta ya fi kowa shan wahala. Yawancin taraktocin da ake huɗa da su ba su da sifirin a gatarin baya, tayoyi ne kawai ke tare bugun, ga shi zai yini a kai lokacin damina. Ɗan acaɓa aƙalla yakan ɗan miƙe a kan matakai idan ya ga rami, gwiwoyinsa su shanye bugun. Katifar soso da ake ɗorawa a kujera tana rage zafin zama, amma ba ta tare wannan jijjiga mai nauyi.

Don haka, mai tarakta, ka saya wa direbanka kujera mai sifirin, kada a cika tayoyi da iska fiye da ƙima, kuma ka bar shi ya riƙa sauka yana miƙe baya tsakanin gona da gona.