Malaman Sana'ar Shirya Furanni: Daga Bakin Bokiti Zuwa Gaban Allo

Idan aka ce "fulawa" a kasuwar Ɗan Isa ko ta Birnin Ƙonni, abin da zai fara faɗo wa ɗan kasuwa a rai shi ne buhu mai kilo 50 da abin da za a biya a duwan kafin ya tsallake iyaka. To, ba wannan fulawar muke nufi ba a yau. Muna magana ne a kan fure, wanda ba a ci, ba a sha, kuma da ƙyar yake cika mako bai yi yaushi ba, amma duk da haka akwai ƙasashen da mutum yake shafe shekara biyu ko uku yana koyon saye da adanawa da shirya shi kafin a yarda ya kira kansa gwani.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, ƙawata wurin biki ya zama hanyar neman kuɗi a biranenmu, kuma ba mamaki wani daga cikin masu karatu ɗansa ko ƴarsa ta riga ta zo masa da maganar kuɗin shiga ajin koyon wannan aiki. Uba zai cire kuɗi daga jari ya biya, alhali bai san wane ne malamin ba, bai san inda shi ma ya koya ba. Don haka muka ga ya dace mu leƙa ƙasashen da sana'ar ta yi jijiya, mu ga daga ina malamansu suke fitowa.

Bari mu fara da Constance Spry, wadda har yau ba a zancen wannan sana'a a Ingila ba tare da an ambace ta ba. An haife ta a garin Derby a 1886, ta tashi a ƙasar Ailan inda mahaifinta yake aikin ilimi. Ba da fure ta fara ba. Aikinta na farko shi ne yawo gari-gari tana koya wa mata tsafta da yadda ake jinyar mara lafiya a gida. A 1921 aka ba ta shugabancin wata makaranta a unguwar Homerton da ke gabashin Landan, unguwar talakawa, inda yaran da ke aiki a masana'antu suke zuwa koyon girki da ɗinki. Takan zo da furanni daga lambunta ta ajiye a aji, kuma daga nan ne aka fara lura da irin hannun da take da shi.

Sai a 1929 ta buɗe shagonta na farko. Abin da ya fito da sunanta shi ne adon da ta yi a tagar wani kantin turare mai suna Atkinsons, inda maimakon ta cika wurin da furanni masu tsada kamar yadda aka saba, sai ta haɗa da rassa da ganyayen da ake samu kyauta a bakin hanya. A wasu ayyukan nata har ganyen kabeji takan sa. Jama'a suka riƙa tsayawa kallo. Zuwa 1934 ta koma unguwar masu kuɗi ta Mayfair da ma'aikata kimanin 70, ta fitar da littafinta na farko, ta kuma buɗe makarantar koyar da sana'ar. A 1937, lokacin da tsohon sarki Edward na Takwas, wanda ya ajiye sarauta saboda mace, ya ɗaura aure a Faransa, kuma danginsa suka ƙi zuwa, ita ce ta je ta ƙawata wurin. Wani zai ce ta ɓata da fada ke nan har abada. Amma a 1953 ita ɗin dai aka kira ta shirya furannin bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Ta rasu a 1960.

Mai karatu zai lura cewa wannan mata malama ce tun kafin ta zama mai shago, kuma ba ta buɗe makarantar fure ba sai da ta yi shekaru tana saye da sayarwa da biyan albashi. Irin wannan hanya ce Paula Pryke ta bi daga baya: malamar tarihi ce a makarantar sakandare, ta bar alli ta koyi aikin fure, ta buɗe shago a unguwar Islington ta Landan a 1988, sannan bayan shagon ya tsaya da ƙafarsa ta fara karɓar ɗalibai.

Akwai kuma waɗanda suka taso daga yaron shago, hanyar da kowane ɗan kasuwa ya sani. Jane Packer, wadda aka haifa a 1959, tana ƴar makaranta ta fara aikin ranar Asabar a shagon furanni na garinsu. Wanda ya san aikin ya san abin da ake ba sabon shiga: shara, wankin bokiti, cire ganye da ƙaya, ɗaukar ruwa. Daga nan ta tafi Landan, ta buɗe nata shagon, har a 1986 aka ba ta aikin furannin amarya a auren Yarima Andrew da Sarah Ferguson. Makarantar da ta kafa ta yi rassa har a Tokyo da Seoul. Ta rasu a 2011, shekara guda kafin wasannin Olamfik na Landan na 2012, inda kamfaninta ne ya tsara damin furen da aka riƙa miƙa wa waɗanda suka ci lambobi.

A Faransa, wadda tsarin karatunta ba baƙo ba ne ga mutanenmu na Nijar da Cadi da Kamaru, ba a bar abin ga sa'a ba. Yaro yakan yi shekara biyu ya samu takardar CAP ta mai furanni, kuma da yawa suna yin ta ne rabi a shagon ubangida, rabi a cibiyar koyon sana'a, ana biyansu ɗan albashi. Jarrabawar ba ta tsaya ga haɗa dami ba, har da sanin tsirrai da sunayensu da yadda ake karɓar mai saye a ba shi shawara. Wanda yake son ci gaba sai ya ƙara shekara biyu ya samu takardar BP. Shi kansa ubangidan doka ba ta yarda ya ɗauki almajiri ba sai ya nuna takarda ko shekarun da ya yi yana aikin. A can ƙololuwa kuma akwai gasar gwanayen masu sana'ar hannu ta ƙasa, wadda ake kira MOF a taƙaice, da aka fara tun 1924. Wanda ya ci yana da izinin sa riga mai wuya launin tutar Faransa, kuma irin waɗannan ne makarantu suke rububin su zo su koyar.

A Jamus shekara uku ake yi ana almajiranci, sannan mai buri ya shiga makarantar zama "Meister", wato ubangida mai cikakken iko. Ɗaya daga cikin malaman da suka fi suna a duniya, Gregor Lersch, a gidan masu furanni aka haife shi a garin Bad Neuenahr. Ya ci gasar Turai a 1978, daga nan ya shiga yawon koyarwa ƙasa-ƙasa, ya kuma rubuta littattafai da dama da ake karantarwa da su.

Maganar gado kuwa, babu inda ta kai Japan. Can sana'ar tana da suna, ikebana, kuma gidaje ne suke riƙe da ita kamar yadda muka san gidan Sarkin Maƙera ko na Sarkin Fawa. Gidan Ikenobo na birnin Kyoto ya samo asali ne daga wani wurin ibada mai suna Rokkakudo, kuma akwai rubutaccen tarihi na 1462 da ya ambaci gwanintar wani daga cikin kakanninsu. A 1945 aka naɗa shugaba na 45 a jerin gidan yana yaro ƙarami, bayan rasuwar mahaifinsa. Ɗalibi yakan hau mataki-mataki, kowane mataki da takardarsa da kuɗinsa, kuma takardar daga babban gida take fitowa, ba daga hannun malamin unguwa ba. A namu ganin wannan tsari yana da tsada, yana kuma iya danne mai basira, amma aƙalla ana sanin wanda ya koyar da wanda ya koyar da kai.

Ba kowa ne ya jure wannan danniya ba. Sofu Teshigahara ɗan malamin ikebana ne, amma ya saɓa da mahaifinsa a kan ƙa'idojin gargajiya, ya kafa nasa gidan mai suna Sogetsu a 1927, inda ya halatta amfani da ƙarfe da dutse da busasshen itace. Abin dariyar shi ne, gidan ɗan tawayen ma gado ya koma. Da ya rasu a 1979 ƴarsa Kasumi ta gaje shi, ita ma ta rasu a 1980, sai aka ɗauko ɗansa Hiroshi, wanda duniya ta sani a matsayin mai shirya fina-finai, ya riƙe gidan har zuwa 2001, sannan ƴarsa Akane ta karɓa.

To, me ya sa muka nace a kan cewa malamin ya fito daga shago ko daga kasuwa? Saboda rabin abin da ake koyarwa lissafin asara ne, kuma mai tumatir ko mai ɗanyen kifi zai fi kowa gane wannan. Furen wardi da aka yanka a gonakin tafkin Naivasha na Kenya ko a Habasha, jirgi ne yake kai shi Holan, inda ake gwanjonsa a babbar kasuwar Aalsmeer. Gwanjon nasu a juye yake: farashi daga sama yake farawa yana saukowa, wanda ya fara danna maɓalli shi ya saya. Ka yi gaggawa ka saya da tsada, ka yi jinkiri wani ya ɗauke. Yau yawancin masu saye ta kwamfuta suke yi daga ofisoshinsu, amma ƙa'idar tana nan. Daga ranar da aka yanke furen kuwa kwanakinsa suke raguwa, ko an sayar ko ba a sayar ba.

Shi ya sa darasin farko na malamin kirki bokiti ne. A wanke shi tas, domin ƙwayoyin cuta na ruwa mai datti su ne suke toshe karan fure ya kasa shan ruwa. A yanke gindin karan a karkace da wuƙa mai kaifi, a cire duk ganyen da zai nutse. A ajiye wardi a ɗakin sanyi da bai wuce maki 2 zuwa 5 ba, amma furannin ƙasashe masu zafi irin wannan sanyi kashe su yake yi. Kada a haɗa fure da ayaba ko mangwaro ko tumatir mai nuna a ɗaki guda, saboda iskar da suke fitarwa tana sa shi zubewa da wuri. Sannan a zo ga farashi: a Amurka malamai da yawa suna koyar da cewa a ninka kuɗin sari sau uku ko fiye, a ɗora ladan aiki a kai, domin wanda ya lalace ma sai wanda aka sayar ya biya shi. Wanda bai taɓa zubar da hajarsa a bola da hannunsa ba, da wuya ya iya koyar da wannan da gaske.

Mun san cewa a wurarenmu yawancin adon biki da furen roba ake yin sa, wanda ake shigowa da shi daga Sin, kuma shi ba ruwansa da bokiti. Amma haɗa launi, da daidaita tsawo da faɗi, da ƙiyasta kuɗin aiki kafin a amsa wa uwar amarya, duk darasi ɗaya ne. Uban da zai biya kuɗin koyo yana da haƙƙin ya tambayi malamin a hannun wa ya koya, shekara nawa ya yi yana aiki kafin ya fara koyarwa, kuma ina almajiransa na baya suke cin abinci yanzu. Takardar mako uku da hotunan waya ba su amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba, domin hoto ana iya aro.

Su kansu manyan malaman ba su daina koyo ba. A 1954 wani Ba'amurke mai suna Smithers ya ƙirƙiro wani koren soso da ake kira Oasis, wanda yake riƙe ruwa kuma ake soka karan fure a cikinsa ya tsaya yadda ake so. Shekaru da dama duk makarantu da shi suke koyarwa, har aka samu malaman da ba su san wata dabara ba sai shi. Daga baya aka gane cewa roba ce da ke marmashewa ta bi ruwa, kuma ba ta ruɓewa. Ƙungiyar masu lambu ta masarautar Ingila, wadda ke shirya shahararren baje kolin furanni na Chelsea, ta hana amfani da shi a wuraren baje kolinta daga 2021. Sai ga malamai sun koma suna koya wa ɗalibai yadda ake cukuikuye wayar kejin kaji a cusa a cikin tulu don ta riƙe furanni, wato dabarar da Constance Spry take amfani da ita a shagonta tun shekarun 1930.