Shin Ko Kun San? Keken da aka sa wa inji

Shin ko kun san kamfanin Honda da keke ya fara? A 1946, a garin Hamamatsu na Japan, Soichiro Honda ya sayi ƙananan injuna da sojoji suka bari bayan yaƙi, waɗanda a da suke ba rediyo wuta, ya riƙa ɗaura su a jikin kekuna. Shekara biyu bayan nan ya kafa kamfanin.

Ko kun san a 1946 ɗin dai Faransa ta fito da VéloSoleX, keke mai inji a saman tayar gaba? Ba sarƙa ke jan sa ba, wani ɗan gare-gare ne ke goga taya yana juya ta. An sayar da miliyoyi. Amma da taya ta jiƙe sai ya yi ta santsi, don haka ba zai yi wa mutumin Kafanchan rana ba, inda damina ke kamawa daga Afrilu har Oktoba.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, mai keke yana da dalilin kallon ƙananan injunan China da ake ɗaurawa a tsakiyar gangar keke. Ko kun san wanda ake rubuta wa 80cc a kwali, ainihinsa bai wuce kusan 66cc ba? Kuma mai bugu biyu ne, irin tsofaffin baburan nan masu hayaƙi, sai an gauraya masa fetur da man inji. Bayan ya saba, babban cokali biyu na mai a kowace lita ɗaya ya wadatar. Yana sabo a ƙara masa.

Ga wurin da nake son ku tsaya. Kowa gudu yake nema, amma ko kun san idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata kafin a tsaya ninkawa huɗu yake yi? An ƙera keke don tafiyar kilomita 15 zuwa 20 a awa, inji kuwa yana kai shi 40. Robar birkin da ta saba tsayar da mai feda ba za ta riƙe mutum da buhun citta a gangaren Kagoro ba, balle in ƙarfen taya ya jiƙe. A ganina birki ne abin da za a fara kashe wa kuɗi, gaba da baya, musamman na gaba, domin shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Sai wayoyin taya masu kauri, sai taya mai faɗi da za ta kama jar ƙasar hanyoyin Kwoi da Zonkwa.

Ko kun san farantin sarƙa na baya shi ke raba gardama tsakanin gudu da ƙarfi? Yawanci mai haƙori 44 ke zuwa da injin. Samari na son mai 36 saboda yana ƙara gudu a kwalta, sai dai a hawa inji ya riƙa nishi har a koma feda. Mai dakon doya ko citta zuwa kasuwar Kafanchan, mai 48 ko sama da haka ya fi masa.

Ku kuma sa ido kan ɗan abin da ke ɗame sarƙa a gefen tayar baya. Noti kawai ke riƙe da shi. In jijjiga ta kwance shi ya karkata cikin wayoyin taya, tayar tsayawa take yi cak a tsakiyar gudu. Mai walda ya kafe shi, ko a ɗaure shi da ƙarfe na biyu.

Ko kun san filogi na faɗin lafiyar inji? A kwance shi a duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Baƙi mai toka, fetur ya yi yawa ko matatar iska ta toshe, abin da ƙurar hunturu ke jawowa cikin 'yan kwanaki. Fari fat, fetur ya yi kaɗan kuma inji na zafi, a kai wa bakanike ya daidaita kafireto kafin fistin ya kama.