Idan Layuka Sun Haɗu A Wajen Alwatika

A jarrabawar WAEC akan ba ɗalibi alwatika, a ce ya nemo wurin da nisansa ɗaya ne daga kusurwoyin nan uku. Sau da yawa yakan ja layukansa daidai, amma da ya ga sun haɗu a wajen alwatikar sai ya tsorata ya goge, ya yi asarar maki a banza. Bari mu duba dalili.

Kowace alwatika tana da mahaɗai huɗu. Ta farko, inda layukan da suka taso daga kusurwoyi zuwa tsakiyar gefen da ke fuskantarsu suke haɗuwa, ita ce cibiyar nauyi. Ta biyu, mahaɗar layukan da suka raba kusurwoyi biyu daidai. Waɗannan biyu kullum a ciki suke. Ta uku, mahaɗar layukan da suka tsaya cak, wato a digiri 90, a tsakiyar kowane gefe. Ita ce ake tambaya a jarrabawar. Ta huɗu, mahaɗar layukan tsayi. Waɗannan biyun kuwa, da zarar kusurwa ɗaya ta wuce digiri 90, sai su fita waje.

Mu ɗauki katakon rufin aji mai faɗin mita 8, tsayinsa a tsakiya mita 2. Kusurwar sama ta kai wajen digiri 127. Mahaɗa ta uku tana mita 3 ƙarƙashin katakon gindi, nisanta mita 5 daga kowace kusurwa. Ta huɗu tana mita 6 sama da ƙololuwar rufin.

Haka ma a taswirar Kaduna. Mu ɗiga alama a Kawo, da Lugard Hall, da Filin Wasa na Ahmadu Bello. Da yake kusan a jere suke daga arewa zuwa kudu, wurin da nisansa ɗaya daga ukun zai faɗa can gefe, nesa da su duka.

A 1765 Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, ya tabbatar cewa cibiyar nauyi da mahaɗa ta uku da ta huɗu suna kan layi ɗaya, cibiyar nauyi a tsakaninsu.

Saboda haka ɗalibai, mu fara auna babbar kusurwa kafin mu ɗauki kamfas. In ta wuce digiri 90, mu bar fili a takarda, mu tsawaita layukanmu, kada mu goge.