Tutar Najeriya: Daga Tarar Naira Ɗari Zuwa Cin Amanar Ƙasa

Naira ɗari ce tarar da doka ta yanka wa duk wanda ya ɗaga tutar Najeriya a yage ko a lalace. Idan ya yi kunnen ƙashi ya bar ta a kan sanda, kowace rana ta Allah sai a ƙara masa naira goma. Haka yake a rubuce cikin Dokar Tutoci da Tambura ta 1960: sashe na 7 ya faɗi laifin, sashe na 10 ya faɗi tarar. Har gobe ba a soke wannan doka ba, tana nan cikin kundin dokokin tarayya na 2004, babi na F30. Ɗalibin da ya fito daga Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo, Zariya, da wannan kuɗi a aljihu, ba za su kai shi Samaru a mota ba.

A zamanin da aka rubuta dokar, fam da sule ake kashewa. Da naira ta shigo ranar 1 ga Janairu 1973, fam guda naira biyu aka canza shi, ke nan naira ɗari tana matsayin fam hamsin. Domin a gane nauyin fam hamsin a wancan lokaci, sai a tuna cewa fam ɗari cif aka ba mutumin da ya zana tutar kanta. Michael Taiwo Akinkunmi ɗalibi ne a Landan lokacin da ya ga sanarwar gasar a jarida, ya aiko da zanensa cikin zane sama da dubu biyu, aka zaɓi nasa a 1959. Asalin zanen yana da jar rana a tsakiyar farin, kwamiti ya cire ta, ya bar kore, fari, kore a tsaye: koren don noma da albarkar ƙasa, farin don zaman lafiya. Ita aka ɗaga a Legas daren 1 ga Oktoba 1960, bayan an sauke ta Ingila. Akinkunmi ya koma aikin gwamnati a Ibadan, aka manta da shi shekara da shekaru, sai a 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba shi lambar girmamawa ta OFR. Ya mutu ranar 29 ga Agusta 2023 yana da shekara 87, gawarsa ta yi shekara guda a ajiye, iyalinsa suna jiran jana'izar ban girma da gwamnati ta yi alkawari.

Dokar ba ta tsaya kan yagaggiyar tuta ba. Ta hana a yi amfani da tuta ko tambarin ƙasa wajen kasuwanci ko sana'a sai da lasisin ministan harkokin cikin gida. Ta hana a ɗaga tutar wata ƙasa a bainar jama'a ba tare da irin wannan izini ba, in ban da wurare kamar ofisoshin jakadanci. Ta kuma fifita tutar ƙasa a kan ta jiha idan suka haɗu. Tsarin mulki na 1999 ya ƙara da nasa a sashe na 24, inda ya ce wajibi ne a kan kowane ɗan ƙasa ya girmama tuta da taken ƙasa da alkawarin ƙasa. Sai dai wannan sashe yana cikin babi na biyu, babin da sashe na 6(6)(c) ya hana kotu ta tilasta abin da ke cikinsa. Wajibi ne, amma babu alƙalin da zai ɗaure ka don ka saɓa masa.

Kongo wuri ne da ya san yadda ake shigar da sabuwar doka cikin kunnen jama'a. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a nan, a 1954 ta zama Cibiyar Koyar da Aikin Mulki, tun kafin a kafa jami'ar a 1962. Lokacin da gwamnatin Sardauna ta kawo Final Kod, wato dokar hukunta manyan laifuka, wadda ta fara aiki a ƙarshen Satumban 1960, nan aka riƙa kawo alƙalai da ma'aikatan kotunan En'e rukuni-rukuni ana karantar da su ita. An fassara ta da Hausa, ta shiga bakin mutane, har tsohon da bai taɓa shiga aji ba ya san sunanta. Dokar tuta sa'arta ce, shekara guda suka fara aiki, amma ita ba ta sami wannan gata ba. Tambayi hedimasta, ko dagaci, ko ɗan sandan da ke kanta, ko ya san akwai tara a kan tsohuwar tuta, ka ga irin kallon da zai yi maka.

Sakamakon yana kan sanda, kowa yana gani. A wata firamare da nake wucewa a Tudun Wada, sandar tutar bututun ƙarfe ne da aka kafa cikin siminti, an kewaye shi da duwatsu masu farar ƙasa. Igiyar ta tsinke an ƙulla, ta sake tsinkewa an sake ƙullawa, har ƙullin ya hana ta wucewa ta cikin zoben sama, saboda haka tutar ba ta hawa ba ta sauka. Rana ta cinye koren ya koma ruwan toka, ƙurar hunturu ta rine farin ya zama ruwan ƙasa, iska ta tsefe bakin da ke nesa da sanda ya zama zare-zare. A ƙarƙashinta yara ke jeruwa da safe, hannu a ƙirji. Lokacin da Muhammadu Buhari ya rasu a Yulin 2025, gwamnati ta ce a sassauto da tutoci zuwa rabin sanda har kwana bakwai, na yi ta tunanin yadda malaman wannan makaranta za su bi umarnin. Kuma ba makarantu kaɗai ba: mai yawo a sakatariyoyi da ofisoshi da caji ofis na ƙasar nan ya san cewa mafi yawan tutocin da suka saɓa sashe na 7 na gwamnati ne.

Ana nan a haka sai ga watan Agustan 2024. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta fara ranar 1 ga wata, kafin kwana biyar tutar Rasha ta cika titunan Kano da Kaduna da wasu garuruwan Arewa. Ba abu ne mai wuyar ɗinki ba: ƙyalle fari, shuɗi, ja, a yanka su da tsawo, a bi da keke sau biyu, a naɗe baki guda inda kara zai shiga. Ranar 5 ga wata gwamnatin Kaduna ta sa dokar hana fita ta sa'a 24 a biranen Kaduna da Zariya. A ranar ce Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya fito daga taro da Shugaba Tinubu ya ce ɗaga tutar wata ƙasa cin amanar ƙasa ne. Ofishin jakadancin Rasha ya ce babu ruwansa. Aka kama teloli a Kano. Har wasu 'yan Folan bakwai, ɗalibai da malamarsu da suka zo Jami'ar Bayero saboda karatun Hausa, sun yi makonni a tsare kafin a sake su.

Abin da ya kamata mai nazarin doka ya lura da shi shi ne, akwai dokar da ta yi magana kai tsaye a kan abin da ya faru, wato ɗaga tutar wata ƙasa a bainar jama'a ba da lasisi ba, kuma ta faɗi hukuncinsa. Hukuma ta tsallake ta, ta ɗauko tuhumar da ƙarshenta kisa ne. Cin amanar ƙasa a dokokinmu yana nufin ɗaura yaƙi da ƙasa, ko haɗa baki don kifar da gwamnati da ƙarfi, kuma lauyoyi da dama sun faɗa tun a lokacin cewa riƙe ƙyalle shi kaɗai bai kai nan ba. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, da yawansu yara ƙanana da suka yi wajen wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin kowannensu naira miliyan goma. Da hotunan suka bazu, shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su ranar 4 ga wata, washegari aka janye ƙarar, Mataimakin Shugaba Kashim Shettima ya miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna. Yaran sun koma gida, alhamdu lillahi. Amma janye ƙara ba hukunci ba ne, don haka babu wata kotu da ta faɗi inda iyakar laifin tuta take.

Ban ce tsoron gwamnati ba shi da tushe ba. A ƙasar Hausa tuta ba ado ba ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tuta yake ba mutum idan ya ɗora masa jagorancin jihadi a wata ƙasa, karɓarta kuwa mubaya'a ce. Da ita Malam Musa ya shigo Zazzau wajen 1808, Sarki Makau ya yi kudu zuwa Zuba. Haka Modibbo Adama, da Buba Yero na Gombe, da Yakubun Bauchi, da Ummarun Dallaje na Katsina. A Burmi, ranar 27 ga Yuli 1903, mutane sun mutu a kewayen tutar Sarkin Musulmi Attahiru, Turawa suka tafi da ita, sai a 1960 aka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Mutanen da suka gaji wannan tarihi sun san cewa ɗaga tutar wani magana ce. Ga kuma maƙwabta: tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ake ganin tutar Rasha a titunan Yamai, kamar yadda aka gani a Bamako da Wagadugu, kuma a cikin masu zanga-zangar Kano akwai masu kiran soja su karɓi mulki. Wannan kira shi ne abin bincike, da wanda ya sayi yadi ya biya kuɗin ɗinki. Yaron da aka miƙa wa kara a kan titi, wanda ko Mosko bai san inda take ba, shi ne na ƙarshen da ya kamata a fara da shi.

A tsakiyar rikicin na watan Agustan 2024 wani ƙudiri ya fito fili daga Majalisar Wakilai, kuma mai gabatar da shi ɗan gida ne, Kakakin Majalisa Abbas Tajuddeen, Iyan Zazzau, mai wakiltar Zariya. Ƙudirin hana zagon ƙasa ya tanadi tarar naira miliyan biyar, ko ɗaurin shekara goma, ko duka biyun, ga wanda ya lalata alamomin ƙasa ko ya ƙi rera take. Watanni kaɗan ke nan da aka canza taken ƙasar, ranar 29 ga Mayu 2024, aka koma wa na 1960, har manya ba su gama haddace shi ba. Jama'a suka yi caa, ranar 14 ga Agusta Kakakin ya janye shi. Ya kyauta da ya saurara. Sai dai janyewar ta bar mu inda muke, da naira ɗari a hannu guda da igiyar rataya a ɗayan, babu komai a tsakani.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a 1989, a shari'ar Texas da Johnson, cewa ƙona tuta wajen zanga-zanga yana cikin 'yancin faɗar albarkacin baki. Indiya tana da dokar 1971 mai ɗaurin da ya kai shekara uku ga wanda ya wulaƙanta tuta, amma can ma sai da wani ɗan kasuwa, Naveen Jindal, ya yi ta shari'a kafin kotu ta tabbatar a 2004 cewa talaka yana da haƙƙin ɗaga tutar ƙasarsa kowace rana. Saudiyya kuwa ba ta sassauto da tata ko sarki ne ya rasu, saboda kalmar shahada da ke jiki. Kowacce dai ta zauna ta yanke abin da take so, ta sanar da mutanenta.

Gyaran da muke buƙata ba ya son hayaniya. A ɗaga tarar zuwa abin da zai yi zafi ba tare da ya karya mutum ba. A fayyace maganar tutar waje, domin a Zariya an daɗe ana ganin tutar Falasɗinu a jerin gwano, ana ganin ta Saudiyya a jikin motoci, ana ganin ta Ingila da ta Sifen a gidajen kallon ƙwallo, kuma dokar da za ta mai da duk waɗannan masu laifi ba za ta yi aiki ba sai ranar da hukuma ta ga dama da wani. A bambanta wanda ya riƙe tuta da wanda ya shirya tawaye. A fassara dokar da Hausa da sauran harsuna, a kai ta makarantu, aikin da Kongo ta taɓa yi wa Final Kod kuma tana da malaman da za su sake yi.

Sannan a rubuta ƙarara cewa shugaban kowace ma'aikata shi ke da alhakin tutar da ke ƙofarsa, tarar kuma daga albashinsa za ta fita. Na san amsar da hedimastan Tudun Wada zai bayar idan aka kawo masa sammaci: zai buɗe littafin kuɗin makaranta ya nuna cewa ko na alli bai zo ba wannan zango, ya ce a kira sakataren ilimi na ƙaramar hukuma su tsaya tare.