Yadda Mota Ke Auna Iskar Da Take Shaƙa

Fetur ba ya cin wuta shi kaɗai, sai da iska. Don ya ƙone ƙurmus, kowane giram 1 na fetur yana neman giram 14.7 na iska. A motocin da, kafireto ke yin wannan haɗi. A na yanzu, 'yar kwamfutar nan da ake kira ƙwaƙwalwar mota ce ke ƙayyade tsawon lokacin da kowace nozul za ta buɗe ta fesa mai, kuma ba ta iya hakan sai ta san iskar da ta shigo.

Ɗauki inji mai lita 2 da ke juyi 3,000 a minti. Kowace silinda sau ɗaya take jan iska a juyi biyu, don haka a minti ɗaya injin zai ja lita 2 sau 1,500, wato lita 3,000. Lita ɗaya ta iska a bakin teku kusan giram 1.2 ce. Sai dai silinda ba ta cika maƙil. Ko an take totur har ƙasa, mu ce kashi 85 cikin 100 take samu. Ya kama giram 51 na iska a daƙiƙa, fetur kuma kusan giram 3 da rabi.

Nauyin ake nema, domin lita takan yi ruɗi. Iskar Sakkwato a zafin Afrilu ba ta kai ta sanyin asuba nauyi ba, haka ta Jos, mai tudun kusan mita 1,200, ta fi ta Legas sauƙi.

Wasu motocin suna auna matsin iska da zafinta, su haɗa da saurin injin su fitar da lissafi. Haka tsarin D-Jetronic na kamfanin Bosch ya yi tun 1967. Wasu kuwa wata 'yar siririyar waya suke ɗumamawa a bayan matatar iska. Iska na wucewa tana sanyaya ta, kuma wutar da ake ƙarawa don ta riƙe zafinta ita ce ma'aunin. Wata na'ura a salansa tana duba hayaƙi don ƙwaƙwalwar ta gyara ɗan kuskuren da ya rage.

Siririyar wayar nan nake jiye wa a ƙasarmu. Ƙurar hunturu na lulluɓe ta, sai ta riƙa kai wa ƙwaƙwalwa labarin da ba haka ba, mota ta dinga shaƙewa in an taka. Tiyon da ya tsage a bayanta ma haka: iska na shiga ba a ƙirga ta ba, injin ya kama rawa a tsaye. Kafin bakanike ya ce a sayi sababbin nozul, ya duba tiyon, ya fesa wa wayar maganin wankinta, kada kuma ya taɓa ta da hannu.