Itace Mai Nawar Girma Shi Ke Daɗewa: Labarin Dashe a Fadamun Indonesiya

A wannan mako za mu kai ku nesa, can tsibirin Borneo, a lardin Kalimantan ta Tsakiya na ƙasar Indonesiya. Mutanen wurin sun yi shekaru suna fama su komo da kurmin da aka hallaka. Sun dasa itatuwa masu ɗimbin yawa, da yawa kuma sun mutu. Abin da suka koya daga wannan hasara ya isa mu saurara.

Wace Irin Ƙasa Ce?

Kurmin da muke magana a kansa yana tsaye ne cikin fadama. Ganye da rassa da saiwoyi suna zuba cikin ruwa, amma ba sa ruɓewa sarai, gama iska ba ta kai gare su. Haka suke ta taruwa shekaru dubbai, har suka zama wata baƙar ƙasa mai laushi kamar soso. Mutanen ƙasar suna kiranta gambut. Kaurinta yakan ƙaru da misalin milimita 1 kawai a shekara, duk da haka akwai inda zurfinta ya wuce mita 10. Muddin tana jiƙe, lafiya lau. In ta bushe kuwa, sai ta zama makamashi.

Yadda Ɓarna ta Faru

A shekarar 1995 gwamnatin Shugaba Suharto ta ƙudura ta mai da wajen hekta miliyan 1 na wannan fadama gonakin shinkafa. Aka sare kurmi, aka haƙa magudanan ruwa da tsawonsu ya haura kilomita 4,000. Ruwa ya tsiyaye, amma shinkafa ba ta yi ba, domin ƙasar tana da tsami ƙwarai, ba ta kuma da abincin shuka. A ƙarshe aka yi watsi da aikin.

Sa'ad da fari ya zo a 1997, wuta ta kama. Wutar gambut tana ci ne ta ƙarƙashin ƙasa, tana iya yin makonni ba a ga harshenta ba, sai hayaƙi. A 2015 gobara ta sāke cinye kimanin hekta miliyan 2.6 a Indonesiya. Hayaƙi ya rufe birnin Palangka Raya, ya kai har Malesiya da Singafo. Aka rufe makarantu, dubban mutane suka kamu da ciwon ƙirji. Bankin Duniya ya ƙiyasta hasarar a kan dala biliyan 16. Saboda haka a watan Janairu na 2016 Shugaba Joko Widodo ya kafa hukuma ta musamman domin farfaɗo da wajen hekta miliyan 2 na irin wannan ƙasa.

Me Ke Kashe Dashe?

Ƙaramin itace da aka dasa a filin da ya ƙone yana da magabta da yawa. Da rani baƙar ƙasar takan yi zafi ta bushe, ba kuwa inuwar manya a kansa. Da damina ruwa yakan kwanta, gama wuta ta cinye saman ƙasar ta bar kwari, har dashen ya nutse gaba ɗaya. Ciyayi masu saurin yaɗuwa sukan shaƙe shi. In ya tsira daga waɗannan, wuta tana iya komowa ta share aikin shekara biyar a yini ɗaya. Kurmin kuma ba ya saurin komowa da kansa, domin iyayen itatuwa da za su zubar da iri sun ƙare, tsuntsaye da namun da ke yaɗa irin kuma sun ƙaura.

Shi ya sa masu aikin suka gane cewa ruwa ne kan gaba. Sukan kafa turaku a ƙetaren magudana, su cusa ƙasa a tsakani, su datse ruwa domin fadama ta sāke jiƙa. Dokar ƙasar ta 2016 ta ɗauki filin gambut a kan lalatacce in ruwan ƙarƙashinsa ya sauka fiye da santimita 40 daga sama. Wanda ya yi dashe bai toshe magudana ba, itacen wuta yake tarawa.

Abin da Ƙidaya ta Nuna

A 2022 wasu masana, Stuart Smith da abokan aikinsa, suka tattara sakamakon dashe daga wurare 94 na Kudu maso Gabashin Asiya, daga 1988 zuwa 2019, wanda ya ƙunshi itatuwa iri 141. A ƙidaya ta ƙarshe da aka yi a wuraren, kimanin 62 cikin 100 ne suke da rai. Da suka lissafta yadda mutuwar ke ci gaba, suka ga cewa rabin dashe yakan mutu cikin wata 33, wato kafin shekara uku ta cika.

Sun kuma auna dabarun da ake yi wa dashe, suka tarar taimakonsu kaɗan ne. Yi masa rumfa bai taimaka ba, har ma ya rage rayuwarsa. Taki ya ɗan ƙara yawan masu rayuwa. Abin da ya fi amfani shi ne haɗa saiwar dashen da wata irin funfuna mai zama a jikinta tana jawo mata abinci daga ƙasa. Babban bambanci yana ga irin itacen da aka zaɓa. Ga kuwa abin lura: itatuwan da suke girma a hankali su ne suka fi daɗewa, masu saurin tashi kuwa sun fi saurin mutuwa. Ashe gaskiyar magabata ce, sannu ba ta hana zuwa.

Akwai itatuwa biyu na asalin fadamar da ake yawan dasawa. Ɗaya shi ne balangeran, mai katako mai ƙarfi, wanda ke jure rana da kwanciyar ruwa. Ɗayan kuma jelutung ne, wanda ake tsaga bawonsa a tari farin ruwansa, irin wanda aka daɗe ana yin cingam da shi. Darajar jelutung ita ce mai shi yana samun kuɗi ba tare da ya sare shi ba. A ƙauyuka da dama jama'a ne suke renon dashen su sayar wa masu aikin, su ne kuma suke sintirin kashe wuta. Mutumin da abincin gidansa ke fitowa daga itace ba ya barin wuta ta kusance shi.

Abin da Ya Shafe Mu

Ƙasarmu ba gambut ba ce, magabtan dashenmu kuma awaki ne da gara da zafin bazara. Amma kowace damina mu ma mukan yi bikin dashen itatuwa, a faɗi dubu nawa aka dasa, a tafa, a watse. Wa ke komawa bayan shekara uku ya ƙirga waɗanda suka rayu? Labarin Kalimantan ya nuna mana cewa wannan ƙidaya ta biyu ita ce ta gaskiya. Kafin mu karɓi dashe bana, bari mu tambayi kanmu abu uku. Wannan itace ya dace da ƙasarmu? Wa zai shinge shi ya ba shi ruwa har ya tsallake rani uku? Wane amfani mai renonsa zai samu? In mun amsa waɗannan, ko goma muka dasa, jikokinmu za su sha inuwa.